Kalma Talatin a Minti Ɗaya

"Goma sha tara," in ji Malam Jalalu, ya danna wayarsa ya tsayar da agogon. "A ɗebe sha tara cikin talatin, nawa ya rage?"

Murja ta ƙirga da yatsunta a ƙarƙashin hijabi. "Sha ɗaya, Baba."

"Ashe kin iya lissafi. Karatun ne ba ki so. Miƙo hannu."

Ta miƙa. Guntuwar wayar wuta ce da ya naɗe biyu, wadda a da ake jona fanka da ita, bakinta ɗaya ya zare har jan ƙarfen ciki ya leƙo. Ya sauke mata shida a hannun dama, biyar a na hagu, yana ƙirgawa a fili kamar mai kiran sunaye a aji. Yarinyar ba ta yi ihu ba, don ta riga ta gane ihu yana ƙara ɗaya. Sai dai kafaɗunta da ke tsalle a kowane bugu, da wani ɗan sauti da ke fita ta hancinta.

Da ya gama ya zaro biro daga aljihu, ya je jikin bangon rumfa inda ya kafa wata takarda mai layi-layi kusa da kalanda, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta 19 a gabansa.

Takardar nan daga ofis ta zo. A farkon zango ne ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya tara shugabannin makarantun firamare a wani zaure, aka raba musu ruwan leda da tsarin inganta makarantu mai shafi goma sha biyu. Abin da tsarin ya ƙunsa a taƙaice shi ne, kafin ƙarshen zango, yara bakwai cikin kowane goma na aji uku su iya karanta kalma talatin ta Hausa a minti ɗaya. Wanda makarantarsa ta kai, a kira sunansa a taro. Wanda tasa ta gaza, a sauke shi daga kujera a tura shi ƙauye ya koma riƙon alli. Ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi yadda malama ɗaya za ta yi da yara casa'in da huɗu da littafi ashirin da uku. Malam Jalalu, hedimastan wata firamare a Unguwar Rogo, shi ne ma ya miƙe ya ce bakwai ta yi masa kaɗan, a rubuta masa takwas. Aka tafa masa. Da tafin ya hau masa kai sai ya ƙara da cewa ɗiyarsa ma aji uku take, ranar da masu duba suka zo su fara da ita.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, ana shimfiɗa tabarma a rumfa, a ɗora littafin karatu a kan 'yar kujerar tsuguno, a danna agogo. Kowace kalma da ta gaza talatin, bulala ɗaya ce.

Hauwa'u tana madafi tana jin komai. Murja ce 'yarta ta fari, kuma a gidan da Hauwa'u ta tashi a Ƙofar Atiku, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta sa baki idan ana hukunta shi. Shekara tara ke nan ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" take ce mata, ko "wagga yarinya". Ita kuma Murja ta taso tana jin ƙannen Hauwa'u na ce mata Adda, sai ta bi su. Uwar mijin Hauwa'u, Inna Tani, wadda ɗakinta ke kallon rumfa, ba ta da abin yabon Hauwa'u da ya wuce wannan. Ko baƙi suka zo sai ta faɗa musu cewa matar Malam ɗiyar mutunci ce, ana iya yanka ɗiyarta a gabanta ba ta ɗaga kai ba. Hauwa'u kan sunkuyar da kai idan ta ji, kamar an sa mata lambar girma. Yanzu kuwa, duk lokacin da wayar ta sauka, sai ta ji maganar ta dawo mata da wani ɗaci.

Da tafin hannun Murja ya fashe har ba ta iya riƙe fensir, Malam ya koma ƙafafu. Da su ma suka kumbura, ya koma baya, inda rigar makaranta ke rufewa.

Malama Naomi, malamar aji uku, ita ta fara zuwa da magana. Wata Asabar da hantsi ta taso daga Minanata, ta yi sallama ta shigo da ledar lemu. Ta samu Malam a rumfa yana cike takardun ofis. Bayan gaisuwa ta ce ta daɗe tana lura da Murja: idan aka rubuta abu a allo sai ta matse idanu, ta kwafa daga littafin maƙwabciyarta, kuma idan ba a kallonta sai ta ɗaga littafi har ya taɓa hancinta, a nan ne take karantawa daidai. Ta ce ta gwada ta da kanta, ta rufe mata ido ɗaya bayan ɗaya. Na hagu kusan ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Na dama ne ke ɗauke da ita. Ta roƙi a kai ta asibitin ido, wataƙila tabarau kawai take buƙata.

Malam ya saurare ta da murmushin da yake yi wa iyayen yara masu kawo ƙara. Ya ce a horon da aka yi musu an nuna musu hoto ƙarara: littafi a shimfiɗe bisa benci, baya a miƙe, yatsa a ƙarƙashin kalma. Haka masu duba za su zaunar da kowane yaro, don haka shi ba zai bari ɗiyarsa ta saba da shinshina littafi kamar akuya ba. Ya ce yarinyar da ke hango mai awara tun daga bakin layi ba makauniya ba ce. Ya ce kuma idan aka ga ɗiyar hedimasta da tabarau ana saura 'yan makonni a auna makaranta, cewa za a yi ya fara neman mafita.

Inna Tani ta leƙo daga ɗaki. "Tabarau ga ɗiya mace ƙarama? A zuri'armu ba a taɓa makanta ba. Ƙiwuya ta, Malama. Ubanta ma da bulala yay yi karatu, ga shi yau shi ka ba ki umarni."

Malama Naomi ta tashi. A bakin madafi ta tsaya, ta rage murya. "Maman Murja, ke ce uwa. Ki yi wani abu." Hauwa'u ta ji kunyar sunan ta rufe ta, ta ce kawai an gode da lemu.

Amma ta yi wani abu, kuma abin da ta yi shi ne kuskurenta.

Ta san 'yarta da kunne. A Islamiyya Murja ce ke gaba a hadda, sau biyu za a biya mata sura ta riƙe. Don haka washegari, da Malam ya fita sallar azahar, Hauwa'u ta kira ta madafi da sunan ta zo ta tsince shinkafa, ta ɗauko littafin ta buɗe shafin da ake aunawa da shi, ta karanta mata a hankali tana juya miya da ɗaya hannun. Labarin Binta ne da farar akuyarta mai cin dusa. Sau uku ta karanta. A na huɗu Murja ce ta biya mata shi daga farko har ƙarshe, idanunta a rufe, tana murmushi. Hauwa'u ta nuna mata yadda za ta riƙa jan yatsa bisa layi, kada ta yi sauri da yawa a ranar farko.

Ranar an samu ashirin da huɗu. Bayan kwana biyu, talatin da ɗaya. A ƙarshen mako, arba'in da biyu.

Gidan ya canja kamar an buɗe taga. Malam ya rataye wayar a ƙusa. Ya shigo da kilishi a takarda, ya zaunar da Murja kusa da shi yana yaga mata, yana kiranta Hajiya Farfesa. Ya ce wa Inna ta gani, ai dama ya faɗa, magani ne ya yi aiki. Ya ɗauki hoton takardar bango ya tura wa abokan aikinsa. Murja ta dawo da dariyarta, wadda Hauwa'u ta manta yadda take, dariya mai fita da ɗan shaƙewa a ƙarshe. Bayanta ya fara warkewa, yana ƙaiƙayi, sai ta riƙa goga shi a jikin bishiyar dogon yaro ta tsakar gida.

Sau biyu Hauwa'u ta buɗe baki za ta gaya wa mijinta gaskiya. Sau biyu ta kalli wayar da ke rataye a ƙusa ta fasa.

Masu duba suka zo ran Talata don aunawar tsakiyar zango. Su uku ne, shugabansu wani dattijo mai sanyin magana, Malam Ƙasimu. Aka fito da benci ƙarƙashin inuwa, malamai suka jeru a tsaye. Malam Jalalu, cikin farar shadda mai sitaci, ya riƙo hannun Murja da kansa, ya tuna musu alkawarin da ya yi a taro.

Malam Ƙasimu bai karɓi littafin makarantar ba. Ya buɗe jakarsa ya zaro takarda ɗaya daga ambulan, sabon labari ne da ofis ya buga don ranar, na wani masunci da jirginsa. Ya shimfiɗa ta bisa benci, ya ce wa yarinyar ta fara idan ta shirya.

Murja ta miƙe bayanta. Ta kalli takardar, ta ga abin da ta saba gani daga wannan nisa, baƙaƙen layuka kamar jerin tururuwa. Ta ɗora yatsa a layin farko, ta buɗe baki da muryarta mai daɗi ta hadda: "Binta tana da akuya. Akuyar fara ce. Kullum da safe Binta tana ba ta dusa."

Dokar aunawa ta ce ba a katse yaro sai minti ya cika, don haka dattijon ya bar ta. Minti guda cur tana zuba labarin akuya, yatsanta na tafiya bisa labarin masunci. Wani malami ya toshe bakinsa da hula. Da agogo ya tsaya ta ɗago tana neman fuskar ubanta, tana jiran ya ce Hajiya Farfesa.

Malam Ƙasimu ya rubuta sifili. "Hedimasta," ya ce a hankali, "wagga yarinya tilawa take, ba karatu ba."

Malama Naomi ta matso ta ce yarinyar ba ta gani ne, a bar ta ta ɗaga takardar kusa da fuska a ga. Dattijon ya duba fom ɗinsa gaba da baya, ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma takardar ba ta da gurbin wannan. Aka kira yaro na gaba. Kafin su tafi suka shaida wa hedimasta cewa makarantarsa ba ta kai ko uku cikin goma ba, kuma saura mako biyu aunawar ƙarshe.

Ba a taɓa ganin Malam ya dawo daga makaranta kafin azahar ba sai ranar. Ya turo Murja gaba, ya shigo, ya sa sakata a ƙofar gida. Hauwa'u na tuƙa tuwo, 'yar goyonta Lantana na barci a bayanta. Da ta ji ƙarar sakatar ta san an gama.

Bai shimfiɗa tabarma ba. Ya cire babbar rigarsa ya ninke ta da kyau ya ajiye bisa kujera, ya sauko da wayar daga ƙusa. Ya tambayi Murja wa ya biya mata labarin. Ta ce ba kowa. Ya sake tambaya. Ta ce ita kaɗai ta koya.

"To. Yau nawa anka rubuta miki?"

"Sifili, Baba."

"A ɗebe sifili cikin talatin."

Bai jira amsa ba.

Wannan ba irin dukan la'asar ba ne mai ƙirga da tsari. Ya kama ta ta wuyan hijabi, yana saukewa duk inda ya samu, baya, cinya, wuya, hannuwan da take karewa da su. Tsofaffin tabo suka sake buɗewa, jini ya fito ta farar rigar makaranta a layi-layi. Yana duka yana magana da haƙora a cije: a gaban Ƙasimu, a gaban malaman da yake ba umarni, a gaban mai gadi. Shekara goma sha bakwai yana gina suna. A wannan karon Murja ta yi ihu. Ta faɗi, ta rarrafa ta nufi dogon yaro, ya jawo ta da ƙafa.

Hauwa'u na tsaye a madafi da muciya a hannu. Tuwon na tafasa yana fantsalo mata a hannu, ba ta ji ba. Ta samu kanta tana ƙirgawa, tana gaya wa zuciyarta cewa talatin ne, zai tsaya a talatin, goma sha huɗu, goma sha biyar, saura rabi. Ƙafafunta sun ƙi ɗagawa. Shekara tara na sunkuyar da kai sun danne su kamar dutsen niƙa.

A na goma sha bakwai Murja ta juyo da fuskarta wajen madafi. "Adda," ta ce.

Wayar na kan hanya. Bakinta mai jan ƙarfe ya same ta a idon dama.

Ƙarar da yarinyar ta yi ba irin ta ɗazu ba ce. Siririya ce, doguwa, kamar ta ɗan tsako da aka taka. Ta dafe idon da hannu biyu, jini da ruwa na bi ta tsakanin yatsunta. Sai a lokacin muciyar ta faɗi. Hauwa'u ta fito da gudu, Inna Tani ta tare ta a tsakar gida ta riƙe mata zane tana tambayarta ina kunyarta, uba na hukunta ɗiyarsa.

"Ni na biya mata," in ji Hauwa'u. "Ni na karanta mata a madafi. Ba ta gani, Malam. An faɗa maka ba ta gani."

Ya juyo ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya ɗaga wayar ya shimfiɗa mata a wuya da kafaɗa, sau biyu, na biyun ya wuce kan Lantana da ɗan yatsa. Jaririyar ta farka da kuka. Maƙwabta suka fara buga ƙofa. Inna ta je ta tsaya bayan ƙyauren ta ce musu lafiya lau, tarbiyya ce ake yi, kowa ya koma gidansa. Suka koma.

Kafin la'asar idon ya kumbura ya rufe, ya yi shuɗi kamar ɗanyen gauta da aka gasa. Hauwa'u ta ce a kai ta asibiti. Malam, wanda zuwa lokacin ya yi wanka ya huce, ya ce ba yanzu ba. Ya ce asibiti tambaya suke yi, su rubuta, kuma matar wani malaminsa a can take aiki. A bari kumburin ya sauka. Idan wani ya tambaya, ƙyaure ta buge. Ya aika aka sayo maganin ciwon kai da na ɗigawa a kemis. Inna ta dafa ruwan gishiri tana gasa wurin da tsumma, Murja na banƙarewa, tsohuwar na ce mata ta yi haƙuri, duk wanda ya zama wani abu da tabo a jikinsa.

Ran Laraba idon ya fara fitar da ruwa mai kauri. Aka hana ta fita ko zaure. Malama Naomi ta kira wayar Hauwa'u sau huɗu, Malam ya karɓi wayar ya sa a aljihunsa. Da ya dawo daga makaranta ya zauna a rumfa da rajistar aji uku, yana bin sunaye da jan biro. Hauwa'u ta kawo masa abinci ta ga abin da yake yi: duk yaron da ya samu ƙasa da goma, sai ya rubuta a gaban sunansa cewa ya koma wata makaranta. Idan suka ragu, lissafin zai hau. Ta ga sunan 'yarta a cikinsu. An rubuta ta koma ƙauye wurin dangi.

Ya lura tana kallo. Ya ce kada ta dube shi haka. Ya ce ita ba ta san abin da ake yi musu a ofis ba, yadda ake karanto sunan mutum a gaban tsararrakinsa kamar ɓarawo. Ya ce idan aka tura shi ƙauye, ita da 'ya'yanta za su sha ruwan rijiya su kwana da sauro. Duk don su yake yi. Ya ce kuma idan ana neman mai laifi, ba shi ya koya wa yarinya ha'inci ba. Wannan ta ƙarshen ta shige ta, don akwai gaskiya a ciki, kuma ya san da haka.

Ran Alhamis zazzaɓi ya sauko. Murja ta daina cin tuwo, sai kunu cokali biyu. Tana kwance a ɗakin Hauwa'u ruf da ciki saboda bayan, fuskarta a karkace, idon hagu a buɗe yana yawo bai tsaya kan komai ba. Da rana tsaka, rana na dukan kwano har yana ƙara, ta tambaya ko an yi magariba.

Haka abin yake tafiya. Wani ya zauna a ofis mai fanka ya rubuta lamba a takarda, da kyakkyawar niyya ma wataƙila. Lambar ta sauka kan hedimasta ta zama tsoro. Tsoron ya bi shi gida, ya nemi wanda ya fi kowa ƙanƙanta a gidan, ya sauka a bayanta. Kuma a kowane mataki akwai wanda ya gani ya ce ba gurbinsa ba ne: mai duba da fom ɗinsa, maƙwabci a bayan ƙyaure, kaka da ruwan gishirinta, uwa da kunyarta.

Ran Juma'a da hantsi Hauwa'u ta shiga da ruwan ɗumi za ta goge wa Murja jiki. Ta tarar da ita zaune, ta lalubo littafin karatun daga ƙarƙashin katifa, ta rungume shi a ƙirji. Leɓunanta sun bushe sun tsage.

"Adda," ta ce da raɗa, "ki biya mini na gaba. Na masuncin. In Baba ya dawo in iya. Wanga karon ba zan yi kuskure ba, ki faɗa mini wane shafi na, in riƙe."

Hauwa'u ta ajiye kwanon. Ta durƙusa ta ɗaga fatar idon daman a hankali da babban yatsa. Baƙin idon ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Ta ɗaga hannunta gaban fuskar yarinyar, ta buɗe yatsu uku, ta tambaye ta nawa. Murja ta tsaya tana saurare, kamar za ta ji amsar da kunne. Sannan ta ce biyar, ta yi sauri ta kare kanta da littafin.

Wannan karewar ce ta ƙarasa abin da ya rage a cikin Hauwa'u. Ta zare littafin daga hannun 'yarta ta ajiye. Ta jawo ta jikinta, ta rungume ta, karo na farko tun tana jaririya, ta ji zafin jikinta da ƙasusuwan bayanta da bugun zuciyarta mai sauri kamar na tsuntsu. Ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta goya Lantana, ta sa hijabi, ta ɗauko katin asibiti daga cikin kwalla.

Malam na rumfa yana gyara hularsa a madubi, zai leƙa makaranta kafin masallaci. Inna na bakin ɗakinta tana jan carbi. Suka ga Hauwa'u ta fito ta tsaya tsakar gida da takalmi a ƙafa.

Ya tambaye ta ina za ta, wa ya ba ta izini. Ya ce saura kwana goma sha ɗaya kacal, bayan aunawa shi da kansa zai kai yarinyar, har tabarau ɗin zai saya mata in shi ake so. Da ya ga ba ta motsa ba sai muryarsa ta sauya. Ya kalli ƙusar da wayar ke rataye. Ya ce in ta fita ƙofar nan da yarinyar, to ta fita da aurenta.

Hauwa'u ba ta dube shi ba. Ta juya wajen ɗaki.

"Murja," ta kira.

Carbin Inna ya tsaya. "Subhanallahi. Sunan ɗiyar fari, da bakinki, gaban uwar mijinki?"

"Murja," ta sake kira, da ƙarfi yadda za a ji a bayan katanga. "Taso, ɗiyata. Biyo muryata, ina nan."

Yarinyar ta fito tana lalube da bango. Hannunta ya bi ta kan kalanda, ya bi ta kan takardar mai layi-layi, ya wuce. Ta saki bangon ta tako tsakar gida, hannuwa a gaba, har ta kama hijabin uwarta. Hauwa'u ta riƙe hannun, ta ja ta zuwa ƙofa, ta zare sakatar da kanta. Hasken layi ya shigo, da hayaniyar yara da ƙarar masu keke napep. Matan maƙwabta biyu na tsaye a ƙofar gidansu. Sai a nan ta waiwayo ta dubi mijinta.

"Asibitin ido za mu, daga can mu wuce Ƙofar Atiku. In likita ya tambayi mi ya same ta, ba zan ce ƙyaure ba. Zan ce da waya anka buge ta, zan ce ubanta ya buga, kuma zan ce ni ina madafi da muciya a hannu ina ƙirgawa."